Daga Jakara zuwa Bakolori: ina ruwan kwata ke zuwa da damina?

Littafin Tarihin Kano ya ambaci Jakara tun zamanin Barbushe: kurmi ne mai baƙin ruwa, wanda mutanen Dala ke girmamawa har da yanka. Da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a gefensa, birni ya cika, sai fadamar ta zama inda kowace kwata ke zuba. Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya tarar da ita tana karɓar ƙazantar gari, Barth ma a 1851 ya ɗora mata alhakin rashin lafiyar birnin.

Landan ta sha irin wannan wahala. A bazarar 1858 warin kogin Tems ya kai har zauren majalisa, abin da ya sa aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Sai dai hanya ɗaya ce ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida. Don kada su koma cikin gidaje idan an yi ruwa mai ƙarfi, da gangan aka bar kafofin da rarar za ta kwarara cikin kogi. Dabarar ranar gaggawa ce, amma da jama'a suka ƙaru ta zama ta kusan kowane ruwa.

Awo ne ya tona asirin. Zuwa ƙarshen 2023 an sanya wa kowace irin wannan kafa a Ingila na'urar da ke rubuta lokacin da ta fara zuba da lokacin da ta tsaya. Lissafin shekarar ya kai sa'o'i miliyan 3.6. Da adadi a hannu, kamfanonin ruwa suka rasa bakin musu. Landan kuwa ta haƙa rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin Tems, wanda ya kama aiki sosai a 2025, yana tare ambaliyar har a tace ta.

Kano ba ta taɓa samun irin wannan tsari na bai-ɗaya ba. Masai ne da sokawe da kwata, kuma kowa ya san maƙwabcin da ke jiran hadari ya saki nasa. Rafin Getsi yana ƙara wa Jakara dattin masana'antun Bompai, har da na majemu, duka su gangara madatsar Wasai a Minjibir, masu lambu na ban ruwan latas da alayyahu da su a hanya. A mulkin Kwankwaso na biyu an rufe wani sashe na Jakara da kankare, aka ɗora titi. Wari ya ragu a unguwannin, ba shakka, amma ruwan bai tsarkaka ba. Ganinsa kawai aka daina. Malaman jami'a sun sha ɗibarsa suna samun dalma da kuromiyam, sai dai awon lokaci-lokaci ba ya kama daren da aka yi ruwan farko.

Mutumin Zamfara ma abin ya shafe shi. Gulbin Sakkwato yana ratsa Gusau kafin ya shiga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 don shayar da gonakin Talata Mafara da Maradun da Bakura, ƙasar da Damri ke ciki. Abin da damina ta share daga kwatocin Gusau, can ya nufa.