Yadda Layin Dogo Ya Raya Agege, Ya Kuma Cinye Gonakinta

Kafin zuwan jirgin ƙasa, Agege ƙauyen Yarbawan Awori ne a tsakiyar kurmi. A 1896 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912. Agege ta samu tasha a kan wannan layi, daga nan al'amarinta ya sauya.

Ƙasar wurin tana karɓar koko da goro, manoma irin su J.K. Coker suka buɗe manyan gonaki. Goro kuwa ai sana'ar Bahaushe ce tun kaka da kakanni. Fataken da a da suke shafe watanni da jakuna a hanyar Gwanja suka ga tafiya ta gajarce. A jera goro cikin ganye, a yayyafa masa ruwa, a ɗaure huhu tamau, a loda a tarago. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura. Haka Zangon Agege ya kafu dab da tasha, da masu masauki da dillalai da mahauta da malamai.

Sai masana'antun Ikeja da filin jirgin sama suka matso, babbar hanyar Abeokuta ta ratsa. Fili ya fi goro daraja, aka dinga sare itatuwa ana yanka fuloti. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, an tsara wa jirgi da mota hanyarsu, amma ba a tsara wa ruwan sama tasa ba. Ƙasar da take shanye ruwa an rufe ta da siminti da kwalta. Da damina ta faɗi, leda ta toshe kwalbati, sai ka ga ɗan tireda yana kwalfe ruwa daga shago da bokiti, ga hayaƙin motocin danfo, ga tirelolin shanu masu nufar mayankar Oko-Oba.

Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoson mahaɗar jirgi da motoci, jirgin Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Aiki ne mai kyau, amma kowace sabuwar tasha jama'a take jawowa, magudanan ruwan unguwa kuwa ba sa faɗaɗa tare da su. Goron da ake hada-hadarsa a Agege yanzu, mafi yawansa a mota ake kawo shi daga wasu jihohin Yarbawa.