Daga Yamai zuwa Jidda: tafiyar shekaru ta koma ta yini guda

Jama'a, in kun ga jirgin alhazai ya tashi daga Yamai, ku tuna da kakanninmu. Tsakanin Yamai da Jidda, ta sama, kilomita wajen 4,000 ne. Wato ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram sau huɗu. Jirgi yana cinye wannan nisa cikin awa 5 ko 6. Daga Jidda zuwa Makka kuwa bai kai kilomita 100 ba.

A da ba haka abin yake ba. Mai niyyar hajji sai ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, don ba kowa ke dawowa ba. Sa'an nan ya ɗaura wa jaki kaya, ya nufi gabas. Ya bi ta Barno, ya shiga ƙasar Cadi, ya wuce Abashe, ya faɗa Darfur cikin Sudan. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙwadago, ko ɗinki, ko karantar da yara, har ya samu na ci gaba. Da haka zai kai Sawakin, bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani yaro a hanya aka haife shi, bai ga garin ubansa ba sai da ya yi wayo.

Wasu ma ba su dawo ba. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba har Sudan, ya kafa gari a bakin kogin Nilu. Garin yana nan da sunansa. A 1925 kuma aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a Sudan. Mahajjata da yawa suka tsaya cirar auduga don neman guzuri, wasunsu suka zauna ke nan. Jikokinsu suna can, suna jin Hausa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, manyan motoci suka yawaita a hanyar, tafiya ta ragu. Cikin shekarun 1950 jiragen sama suna ɗaukar alhazai daga Kano. A 1961 ƙasashe 11, har da Nijar, suka kafa kamfanin Air Afrique. Ya yi jigilar alhazai kafin ya rushe a 2002.

To, ku duba lissafi. Jirgi yana yin kilomita wajen 800 a awa guda. Mai jaki, in ya yi 30 a yini, ya yi ƙoƙari. Ashe abin da jirgi ke yi a awa ɗaya, tafiyar kusan wata guda ce a ƙasa.

Amma kowane sauƙi da kuɗinsa. Hanyar ƙasa tana karɓar talaka da ƙarfin hannunsa, yana tafiya yana biya. Jirgi kuwa sai an biya duka tun kafin a hau, ga fasfo, ga biza, ga allurar rigakafi. Shi ya sa manomi ke tara kuɗin kujera shekara da shekaru. Shekarun da kaka ya yi a hanya, jika yana yin su a gona.

Wanda Allah ya kira, ya tuna: agogon Jidda yana gaban namu da awa 2. In ka sauka, gyara naka.