Tarihin Wutar Fulogi: Daga Sirdin Da Ya Kama Wuta Zuwa Garejin Unguwa



Duk wanda ya taɓa buga kik sau goma da safe babur ya ƙi tashi, ya san zafin jin bakanike ya ce "ba ya ba da wuta". Ga ɗan acaɓa, wannan magana na iya cinye kuɗin cefanen ranar. To amma kayan da ake dubawa a irin wannan lokaci, kowanne da zamaninsa da wanda ya kawo shi.

Babur na farko mai injin fetur, wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera a Jamus a 1885, ba shi da fulogi. Wani ɗan bututun ƙarfe ake gasawa daga waje har ya yi jajir, shi ke kunna man da ke cikin injin. Da yake bututun yana ƙarƙashin sirdi, a tafiyar gwaji ta watan Nuwamban shekarar sai sirdin ya kama wuta. Shi fulogi ya riga babur zuwa duniya, domin Étienne Lenoir ya sa shi a injinsa a Faransa tun 1860, sai dai lantarkin da ke ciyar da shi a lokacin ba abin dogaro ba ne.

An samu mafita a 1902, lokacin da Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart, ya haɗa maganeto mai ba da lantarki mai ƙarfi. Maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya ke gilma juna yayin da inji ke juyawa, lantarki ya samu, a ɗaga ƙarfinsa zuwa dubban bolt har ya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. Da haka inji ke samar wa kansa wuta ba tare da jiran batir ba.

Sauran aiki shi ne wutar ta zo a kan lokaci. Shekaru da dama wasu ƙananan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa ne ke wannan aiki. Suna cinyewa, suna ƙonewa, dole a riƙa goge su ana saita su. A 1969 Kawasaki ya fitar da babur ɗinsa H1 da tsarin CDI, wanda ke tara lantarki ya sake shi lokaci guda, babu ƙarfen da zai cinye. Wannan ɗan baƙin akwati ne a jikin mafi yawan baburan da ke titunanmu yau.

Shi ya sa bakanike nagari ke bin matsalar daki-daki. Zai kwance fulogi, ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina shi da jikin inji, a buga kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙarfi alamar lafiya ce. In bakin fulogin ya yi baƙin toka, mai ya yi yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, inji na shan mai. In ya yi fari fat, zafi ya yi yawa. In an sa sabo har yanzu babu wuta, sai a duba hula da wayarta, da makunni, da wayar da ke haɗe da jikin babur, sannan kwayil, sannan CDI, sannan naɗin da ke cikin maganeto. Daga mai araha ake farawa. Wanda ya fara da sayen CDI, sau da yawa waya ɗaya ce ta saki, ya yi asarar kuɗinsa a banza.

Don haka ɗan'uwa, in babur ɗin jarumin labarinka zai mutu a hanya, kada ka tsaya a "ya lalace". Ka je gareji ka zauna, ka tambayi abin da ya mutu da yadda aka gano shi. Masu karatunka da dama a kan babur suke neman abincinsu, kuma za su gane in ka yi kame-kame.

Allah Ya ƙara mana basira, sai mako mai zuwa.