Faifai

Tun kafin rediyo, faifai kayan mata ne. Da kaba da ciyawa ake saƙa shi, a fara daga cibiya a riƙa naɗewa ana zagayawa har ya yi faɗi. Da shi ake rufe ƙwaryar nono, da shi ake bakace. A bakin mutanen Gwandu da Kalgo za ka ji "hwaihwai", domin Hausar yamma takan mayar da "fa" ta koma "hwa", kamar hwata da hwari.

Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, sai aka ga wani baƙin abu mai faɗi, zagayayye, da siraran layuka suna kewaya cibiyarsa. Ba a wahalar da kai ba wajen raɗa masa suna. Ita na'urar aka bar ta da sunanta na aro daga Ingilishi, abin da allura ke bi kuwa ya zama faifai.

Gidajen rediyo ne suka ƙara baza kalmar, musamman Rediyon Kaduna da shirin Zaɓi Sonka, inda mai sauraro kan aiko da takarda ya nemi a sa masa faifan Ɗanƙwairo ko na Narambaɗa, ya jero gaisuwa. Kaset ya zo da nasa sunan, amma CD na shigowa aka koma faifan CD.

Yanzu mai gabatarwa kan ce mawaƙi ya saki sabon faifai alhali waƙar daga kwamfuta take fitowa, ana kuma tura faifan bidiyo ta WhatsApp.