Afolo, shan inna da tarin da ke kwantar da yara: dangi ɗaya ne

Masu sauraronmu na nan Batterie IV da na ƙetaren iyaka, ku tambayi kakanninku labarin Afolo. Ciwon idon nan ya ɓulla ne a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbon Apollo 11, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Ƙwayar da ke kawo shi 'yar dangin enterobairos ce, masu zama a hanji da maƙogwaro. Shan inna ma ɗan gidan ne.

Shi shan inna ai mun sha fama da shi. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. A 2010 ta afka wa Pointe-Noire a Kwango, ta kashe mutane da yawa, akasarinsu samari da 'yan mata, ba jarirai ba. Sai a watan Agustan 2020 aka sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar daji.

To amma akwai ɗan'uwansu da ba a cika ambata ba, wanda ke kama ƙirji. Sunansa D68. A 1962 aka fara gano shi a jikin wasu yara huɗu masu ciwon huhu a Kalifoniya, sai ya yi shiru shekara da shekaru. A 2014 ya cika asibitocin Amurka da yara masu numfashi da ƙyar, an tabbatar da fiye da dubu, galibi masu asma. Wasu ƙafa ko hannu ya saki, kai ka ce shan inna ne. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta same shi a samfurin kashin yaran Afirka ta Yamma da suka shanye a 2016.

Kun ga inda gizo ke saƙa? Yaro ya zo da tari da zazzaɓi, a ce mura ce ko maleriya, a rubuta maganin kashe bakteriya, alhali ba ya taɓa wannan ƙwaya. Ɗigon folio ma bai kare yaro daga D68. Sai gwajin majina a ɗakin bincike ke bambance su, irin wanda cibiyar CIRMF ta Franceville, da aka buɗe a 1979, ke da kayan yi. Daga Libreville zuwa can kuwa, tafiyar dare guda ce a jirgin ƙasa.