Tarihin Hoton Cikin Jiki a Asibiti

Hoton cikin jiki, wanda a asibiti ake ce wa hoto ko sikanin, hanya ce ta ganin abin da ke ƙarƙashin fata ba tare da an sa wuƙa ba. Yawancin na'urorinsa ba likitoci ne suka ƙirƙiro su ba.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Röntgen, malamin kimiyyar lissafi da ɗabi'ar abubuwa a Würzburg ta ƙasar Jamus, ya gano eksire, wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Bai nemi haƙƙin mallaka ba, shi ya sa abin ya bazu nan da nan: a 1896 asibitin Glasgow Royal Infirmary ya buɗe sashen eksire. Röntgen ne ya fara samun kyautar Nobel a fanninsa, a 1901.

Sai dai an rungumi hasken kafin a san illarsa. Masu aikin kan gwada na'ura a kan hannuwansu, fata ta ƙone, daga baya ciwon daji ya biyo. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, sai da aka yanke masa hannuwa biyu kafin ya rasu a 1904. Rigar dalma da ake sakawa a ɗakin hoto a yau daga irin wannan asara ta samo asali.

Sikanin masu juna biyu kuwa daga masana'anta ya fito. Likitan mata Ian Donald da injiniya Tom Brown sun ari na'urar da ke gano tsaga a ƙarfe ta hanyar amsa-kuwwar sauti, suka juya ta kan cikin mutum. An buga sakamakon a 1958. Da yake babu haske mai cutarwa a cikinsa, ya zama ginshiƙin awon ciki.

Godfrey Hounsfield, injiniya a EMI, kamfanin faifan waƙa, shi ya haɗa eksire da kwamfuta, aka samu CT mai nuna jiki yanki-yanki. An fara gwada ta a kan ƙwaƙwalwar wata mata a asibitin Atkinson Morley na Landan a 1971. MRI, mai aiki da maganaɗisu, ta biyo baya daga binciken Paul Lauterbur da Peter Mansfield, waɗanda suka raba kyautar Nobel a 2003.