Akwatin Yayata da Tarihin Masu Karatun Littattafan Hausa

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda ke cikin lakca ya ajiye shi sai ya fito.

Shekaranjiya da daddare muna zaune a ƙofar hostal, an ɗauke wuta, sai wani ƙaninmu ɗan aji uku ya miƙo min wayarsa. Bidiyon taron Comic Con ne na Legas. Matasa sun yi shigar jaruman fim da na littattafan zane, wasu na bin layi don marubuci ya sa musu hannu a littafi. Ya ce, "Yaya, mu fa 'yan Arewa ba mu da irin wannan. Karatun ma ba ma yi, balle mu taru saboda littafi." Na ce masa ya bari zan ba shi amsa a rubuce, don in na fara a nan sauro zai gama da mu kafin in kai rabi. To ga amsar.

Irin wancan taro a San Diego ta Amurka ya yi suna, inda aka fara shi a 1970, na Legas kuma ya biyo baya a 2012. Gaskiyar yaron ɗaya ce: ba mu saba kama zaure mu sayi tikiti don littafi ba. Amma cewa ba ma karatu, ko ba ma taruwa a kansa, wannan kam rashin sanin tarihi ne.

Farkon labarin duk mun haddace shi don jarrabawa, ba zan daɗe a kai ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC na Zariya a 1966 (ba na man fetur ba, kar wani ya tambaye ni). Abin lura a duk wannan zangon shi ne daga sama littafi yake saukowa. Hukuma ta zaɓa, ta buga, ta kai makaranta. Mai karatu ɗalibi ne, ba a tambayarsa me yake so. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin littafin labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, ta ƙofar gasar NNPC ya fito a 1980.

Abu biyu ne suka juya lamarin. A 1976 aka fara shirin UPE, yara da yawa, har da mata, suka shiga firamare. Bayan shekara goma waɗannan yaran sun zama samari da 'yan mata masu iya karanta boko, suna neman abin karantawa. A daidai lokacin kuma, 1986, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda ciniki yake da tabbas. Ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai matasa suka ce to bari mu yi da kanmu. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ya kai ƙaramar maɗaba'a a Kano, ya ɗauko ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari. Talatu Wada Ahmed da littafinta Rabin Raina tana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da su Allura Cikin Ruwa. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi, Raina Kama da Kukan Kurciya da sauransu, suna tallata littattafan juna a cikin nasu.

Nan ne nake so ƙanina ya tsaya ya duba da kyau, don a nan mai karatu ya karɓi ragama. Littafin siriri ne, takardarsa mai araha, an raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Dalilin rabawar kuɗi ne: ribar na ɗaya ake buga na biyu da ita. Ma'ana in masu karatu ba su sayi na ɗaya ba, na biyu ba zai taɓa ganin rana ba. In sun saya kuwa, sai su hana marubuci sakat. Ana sa adireshi a bayan littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, wata ta yi godiya, wani ya yi faɗa don me aka yi wa jaruma kaza, wata ta ce labarin nan nata ne sak. Masanin nan Brian Larkin ya yi nazarin irin wasiƙun da aka riƙa aika wa Gidan Dabino a kan Sumayya da Muhammad. Mutane sun ɗauki maganar auren dole da ke cikin littafin tamkar a gidansu ake yi, kuma a gidajen da yawa ana yin.

Sai shagon haya. Babbar yayarmu, wadda ta yi 'yanmatancinta a ƙarshen shekarun 1990, ta ce a unguwarmu akwai mai tebur da ke ba da hayar littafi kwana ɗaya. Ba ita ke zuwa ba, yaro ake aika. Littafi ɗaya in ya shigo gida sai ya zaga ɗaki huɗu kafin magariba, har wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata tana tsinke zogale. A gidan biki, bayan an gama rabon abinci, hirar da ake yi ke nan: wa ta samu na uku, ya aka ƙare da kishiyar, ai ni da ni ce da ban koma gidan ba. Ku tuna nan Maiduguri ce. Da yawa daga cikin masu wannan hirar Kanuri ne, da Shuwa, da Babur, da Marghi, Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Yaya ta ce ƙawarta ta kusa a littattafan nan ta koyi rubuta Hausa, a makaranta ba a koya mata ba. Littafin da aka buga a Kano ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 600, ya zo ya zama abin hira a tsakar gida a Gwange. In wannan ba taron masoya littafi ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba.

Manya dai ba su yi murna ba. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, kuma ba yabo yake nufi ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jarida. Ni a ganina kowane ɓangare yana da abin kamawa. Akwai shirme a cikin littattafan, akwai kwaikwayon fim ɗin Indiya ido rufe, ga kurakuran rubutu kamar an watsa gero. Amma a ciki ne aka fara jin mace tana faɗin yadda saki yake, da yadda ake cire yarinya daga makaranta, da bakinta. A 2007 abin ya kai ga gwamnatin Ibrahim Shekarau, ta hannun A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe a hannun ɗalibai mata a Kano, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Bayan shekara biyar da ƙonawar, a 2012, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Duk sanda na shiga Ramat Library sai wannan ya faɗo min, don Janar Murtala da aka sa wa ɗakin karatun sunansa yayan Hajiya Balaraba ne, ita da aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama.

Ni kaina a makare na shigo, kuma dole ce ta shigo da ni. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. 'Yan Maiduguri ba sai na ba ku labari ba. Ina ɗan shekara 16, ga dokar hana fita, babu 2go, babu ƙwallo a layi. Yaya ta yi aure ta bar akwatin ƙarfenta a ɗakin Mama, cike da littattafai. Na fara ɗauka ina raina su, ina cewa karatun mata ne. Wallahi kafin sati biyu na koma ɓoye su a cikin littafin Kimiyya ina yi kamar ina bita. Daga baya na gano abokaina biyu su ma abin da suke yi ke nan, kowa yana ɓoye wa kowa. Ana jin ƙarar harbi daga nesa, ni kuma damuwata ita ce na biyun wani littafi ba ya cikin akwatin. Maza masu karanta wannan rubutu, kar ku yi min fuska, na san ku.

Abin dariya, layin waya na dawowa ita wayar ta fara cinye kasuwar. Cikin 'yan shekaru marubuta suka koma Facebook da Wattpad, sannan WhatsApp. Mai teburin da Yaya ke sayen littafi a wajensa a gefen Monday Market ya koma sayar da caja tun kafin gobarar 2023. Amma ku duba tsarin, bai canza ba. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi ta ce saura na kuɗi ne, a tura a turo shaidar biya. Na ɗaya ne dai yake biyan na biyu har yau. Wasiƙa ta zama sharhi a gurup, sai dai yanzu ba a jiran ɗan fasa ofis, cikin minti biyar an yi wa marubuciya ca a kan ta kashe jarumi. Shagon haya ya zama masu tura littafin kuɗi a ɓoye, ita kuma tana ta Allah ya isa. Ku leƙa hostal ɗin mata ku tambaya gurup nawa na masoyan marubuta kowace take ciki. Ana haɗa zumunci a can, ana tara gudummawar biki, ana zuwa gaisuwar mutuwa gidan wadda ba a taɓa gani ido da ido ba. Akwai ɓarna kuma, ba zan ɓoye ba: tunda babu edita babu mai tacewa, batsa ta samu kasuwa, kuma yara na karantawa.

Taron zaure ma ya fara zuwa. BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, kuma labarin da ya fara cinyewa, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake, wato rayuwar da muka gani da idonmu a garin nan. An fara KABAFEST a Kaduna a 2017, sai HIBAF na littattafan Hausa a 2021, wanda Sada Malumfashi ya jagoranta. Ina jin daɗin su. Sai dai masu zuwa irinmu ne, 'yan jami'a da marubuta. Matar da ta yi shekara ashirin tana sayen littafi da kuɗin cefanenta ba ta san ana yi ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Duk sanda muka sauya hanya, sai mu zubar da ta baya. Littattafan shekarun 1990 ba a sake buga yawancinsu ba. Jerin sunayensu mafi girma da na taɓa gani a aikina na digiri na biyu, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka haɗa, ya fito a 2004, littattafan kuma suna ajiye a SOAS da ke Landan. Na waya kuwa sun fi saurin ɓata. OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa suka riƙa sayarwa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Gurup kuma mai shi na canza layi shi ke nan.

Akwatin Yaya ya koma gidanta a Gwange. Daren 9 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, da asuba ruwa ya shigo musu. Sun fita da yara da kayan jikinsu, alhamdu lillahi, wasu ba su samu haka ba, Allah ya jiƙansu. Da aka koma bayan ruwa ya janye, aka buɗe akwatin, komai ya zama dunƙulen laka. Ba wanda ya yi maganarsa, ana ta katifa da takardun makaranta wa zai yi kukan littafin soyayya. Ni ma shiru na yi.

Uku ne suka tsira, waɗanda na ara tun 2013 ban mayar ba. Ɗaya daga ciki In Da So Da Ƙauna ne na ɗaya, bangonsa an liƙe shi da salatif. A cikin bangon Yaya ta rubuta sunanta, ta ja layi, a ƙasa kuma duk wadda ta ara sai ta sa nata. Na ƙirga suna 23, da biro kala-kala, wata ma da fensir. Don haka ina roƙo, duk wanda ke da irin waɗannan a gida, in ya je hutu ya ɗauki hoton bangon gaba da na baya da shafin da aka sa shekara da maɗaba'a, ya turo min. Sunayen mutane ku rufe su, adadinsu kawai nake so.

Jiya na kira ta na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wannan tana Kano, wannan tana Injamena, wannan malamar asibiti ce yanzu, wannan ta rasu wajen haihuwa, waɗannan biyun tun da aka tashi Baga ba a sake jin labarinsu ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai ta ce, "Au, ashe kai ne ka sace min shi? Shekara nawa ina zargin matar Kawu. Ran Juma'a in za ka zo ka taho min da abina."